Tsufa Ba Ya Tsoron Wuƙa

Duk wanda ya haura shekara 45 ya san wannan ɗan wasan, ko da bai taɓa gaya wa kowa ba. Mutum zai tsaya gaban madubi, ya ɗora yatsu biyu a gaban kowane kunne, ya ɗan ja fatar sama da baya. Nan take naman da ya fara zubowa a gefen haɓa zai ɓace, layin da ya gangaro daga hanci zuwa gefen baki ya shafe, sai ga wanda ya sani shekara 15 da suka wuce yana kallonsa. Da ya saki yatsun kuma shi ke nan, baƙon ya tafi. Tiyatar ɗage fuska yunƙuri ce ta sa abin da yatsun nan suka yi ya zauna.

A da, labarin wannan tiyata sai a mujallun da ke bin diddigin taurarin Amurka. Yanzu kuwa tana zuwa har cikin wayarmu. A 2021 fitaccen mai zanen tufafi Marc Jacobs ya sa hotonsa a Instagram kansa naɗe da bandeji, a 2025 kuma sabuwar fuskar Kris Jenner, wadda ke daf da cika shekara 70, ta zama abin zance a duniya. A bayansu ga tallace-tallacen asibitocin Istanbul da Dubai, waɗanda ke haɗa wa mutum tiyata da otal da motar ɗauko shi daga filin jirgi a farashi guda. Masu hali daga cikinmu da ma sun saba fita waje duba lafiya, don haka tazarar da ke tsakanin ganin tallar da biyan kuɗin ba ta da yawa.

Ra'ayina shi ne: wannan tiyata ce ta gaske, tana gyara matsala guda ɗaya tak, kuma a hannun gwani tana gyara ta da kyau. Amma ana sayar da ita da sunayen dabaru, alhali sunan dabara shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata ya dami wanda zai kwanta a gadon. Ga mai baƙar fata, mai hawan jini, wanda zai yi abin a wata ƙasa kuma a ɓoye, lissafin ya sha bamban da na matar da ke cikin hoton tallar.

Me ke tsufa a fuska?

Idan aka ce fuska ta tsufa, hankali kan tafi ga fata. Amma fata ita ce shimfiɗa ta sama kawai. Ƙarƙashinta akwai kitse, kuma ba a baje yake ba kamar man shanu a faranti. A 2007 wasu likitoci biyu a Dallas, Rod Rohrich da Joel Pessa, sun nuna cewa kitsen fuska a rarrabe yake ɗaki-ɗaki, kowane da iyakarsa. Da shekaru suka ja, wasu ɗakunan kan motse, wasu su gangaro, shi ya sa za a ga ƙasan ido ya rame yayin da gefen haɓa ya yi nauyi. Ƙarƙashin kitsen akwai wani tantani mai ƙwari haɗe da tsoka, wanda ya taso daga wuya ya lulluɓe kumatu. Akwai kuma wasu igiyoyin nama da suka ɗaure duk waɗannan shimfiɗu ga ƙashi, kamar yadda turaku ke riƙe rumfa. Shi kansa ƙashin yana zaizayewa: ramin ido na ƙara faɗi, muƙamuƙi na raguwa, musamman idan haƙora sun zube.

Ke nan abubuwa daban-daban ne ke faruwa a lokaci guda. Fata na rasa tsauri da sheƙi, kitse da ƙashi na raguwa, abin da ya rage kuma yana zubowa ƙasa, domin komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Tiyatar ɗage fuska wannan na ƙarshen kaɗai take gyarawa. Tana ɗage kumatun da suka zubo, ta fito da layin muƙamuƙi, ta ɗame wuya. Ba ta taɓa goshi da fatar ido, waɗannan ayyuka ne daban. Ba ta goge ƙananan tamojin da ke kewaye da leɓe, ba ta sauya launin fata, ba ta mayar da kitsen da ya tafi. Wanda ramewa ce damuwarsa, kamar masu rage ƙiba da sauri da allurai irin su Ozempic, idan aka ja masa fuska kawai, zai tashi da ramammiyar fuska a ɗame. Shi ya sa likitoci da yawa ke haɗawa da dashen kitse, su ɗebo daga ciki ko cinya su cike guraben.

Daga jan fata zuwa shiga ƙarƙashi

Tarihin wannan aiki tarihin ƙara nutsawa ne cikin fuska. Ana yawan danganta farkonsa ga wani likita a Berlin, Eugen Holländer, a 1901, sai Erich Lexer bayansa. A Faransa, Suzanne Noël, wadda ke cikin matan farko da suka shiga wannan fanni, ta wallafa littafi a kai a 1926. Yankan ɗan yanki na fata take yi a bakin gashi ta ɗinke, da allurar kashe zafi kawai. Da yawa daga masu zuwa wurinta mata ne ma'aikata da ke tsoron a sallame su daga aiki saboda fuskarsu ta nuna shekaru. Tun daga tushe, ashe, akwai batun abinci a cikin lamarin, ba son kwalliya zalla ba.

Kusan shekara 70 ana kan wannan hanya: a ɗaga fata, a ja, a yanke rarar, a ɗinke. Matsalar ita ce fata aba ce mai miƙewa, ba a halicce ta don ɗaukar nauyi ba. Idan aka ja ta kaɗan, ba da daɗewa ba za ta saki. Idan aka ja ta da ƙarfi, sai a sami fuskar nan da kowa ke ganewa daga nesa, baki ya yi faɗi, kumatu sun ja baya kamar mai fuskantar guguwa, fatar kunne ta manne da wuya, tabo ya buɗe.

Sauyin ya zo a shekarun 1970. Tord Skoog na Suwidin ya nuna a 1974 cewa za a iya ɗaga fata tare da abin da ke ƙarƙashinta, sannan a 1976 Vladimir Mitz da Martine Peyronie a birnin Paris suka bayyana tantanin nan mai tsoka, suka ba shi sunan da ake taƙaitawa da SMAS. Daga nan dabara ta koma ɗora nauyin a kan tantanin, a bar fata ta kwanta a kansa ba tare da ja ba. Wasu likitocin naɗe tantanin suke yi su ɗinke, kamar tela mai rage faɗin riga. Wasu yanke wani sashe suke yi su haɗa bakin. Wasu kuma su ɗaga shi gaba ɗaya su mayar da shi sama.

A 1990 Sam Hamra na Dallas ya bayyana abin da za mu kira tiyata mai zurfi, wadda ita ce ake ta yayi yau. A nan likita na shiga ƙarƙashin tantanin, ya sassake igiyoyin da suka ɗaure shi ga ƙashi, ya ɗaga fata da kitse da tsoka a dunƙule. Amfaninta shi ne tana kaiwa ga tsakiyar kunci, kuma fatar ba ta rabuwa sosai da jijiyoyin jinin da ke ciyar da ita. Wahalarta ita ce a wannan zurfin ne rassan jijiyar da ke motsa fuska suke bi, don haka wuƙa na aiki ne daf da su. A ɗaya gefen kuma akwai masu neman taƙaita aikin. A 2002 Patrick Tonnard da Alexis Verpaele na Beljiyam suka fito da dabarar MACS, mai gajeren yanka, inda ake tattare naman da zare kamar bakin jaka a rataye shi sama. Sai kuma zaren da ake sokawa ƙarƙashin fata ba tare da yanka ba, wanda ake tallatawa a matsayin aikin sa'a guda, amma tasirinsa kan gushe cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Alluran Botox, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su don kwalliya a 2002, da alluran cike gurbi, ba sa ɗage komai. Na farkon kwantar da tsoka yake yi na 'yan watanni, na biyun kuma cika rami.

Wace dabara ta fi?

Wanda ke bin tallace-tallace zai ɗauka an gama wannan muhawara, tiyata mai zurfi ta yi nasara. A wurin masu bincike ba a gama ba. A 1995 an yi wani gwaji mai ban sha'awa a Amurka: aka samo tagwaye mata masu kama ɗaya har kashi biyu, aka raba su huɗun ga manyan likitoci huɗu, ciki har da Hamra, kowa ya yi da dabararsa. Aka bi su shekara 10, aka wallafa sakamakon a 2009. Dukkansu sun amfana, kuma ba a sami dabarar da ta yi wa saura fintinkau ba. Mutum huɗu ba su isa kafa hujja ba, amma a 2011 wasu masana sun tattara binciken da aka yi na kwatanta dabarun, suka kammala cewa babu ingantacciyar shaida da ke fifita wata a kan wata.

Abin da na fahimta daga wannan shi ne, hannu ya fi suna. Likitan da ya shekara 20 yana naɗe tantani, ya san inda kowace jijiya take, ya fi wanda ya halarci bitar mako guda a kan tiyata mai zurfi ya dawo ya sauya allon asibitinsa. Sunan dabara ya zama tambarin kasuwa, kuma majinyaci ba shi da hanyar tabbatar da abin da aka yi masa a ƙarƙashin fata yana barci.

To shekara nawa ake ragewa? Wata tawagar likitoci a Toronto ta gwada aunawa ta hanyar nuna wa mutane hotuna su kintaci shekaru. A bincikensu na 2012 matsakaicin abin da aka rage ya kai shekara 7. A na 2013, da aka sauya tsarin gwajin, ya tsaya a wajen shekara 3, kuma masu kallon ba su ga wani ƙarin kyau na a-zo-a-gani ba. Ko wanne aka ɗauka, ya yi nesa da shekara 20 da hoton talla ke nunawa, inda aka ɗauki na farko cikin mummunan haske ba kwalliya, na biyu kuma da murmushi da hoda. Bayan haka tsufa na ci gaba daga inda aka mayar da shi. Aiki mai kyau kan riƙe kimanin shekara 10, shi ya sa masu farawa da wuri kan koma karo na biyu.

Abin da tallar ba ta faɗa

Aikin kan ɗauki sa'o'i da dama. Yankan na farawa daga cikin gashin da ke saman kunne, ya bi gaban kunne, ya zagaye ƙasansa, ya hau bayansa ya shiga gashin ƙeya, sau da yawa da wani ƙarami a ƙarƙashin haɓa. Kumburi da taruwar jini a fata kan ɗauki mako 2 zuwa 3 kafin mutum ya iya shiga jama'a, rashin ji a kumatu da kunne kan yi watanni, cikakken sakamako kuma sai bayan wata 6 zuwa shekara.

Matsalar da ta fi yawan aukuwa ita ce jini ya taru a ƙarƙashin fatar da aka ɗaga, galibi a cikin sa'o'i 24 na farko. Idan ya yi yawa dole a koma ɗakin tiyata cikin gaggawa, in ba haka ba fatar ta mutu ko ma numfashi ya toshe. Babban abin da ke jawo shi hawan jini ne, kuma ya fi samun maza saboda fatar gemu ta fi yawan jijiyoyin jini. Mai karatu ya duba abokan aikinsa da suka haura 50, ya ƙirga nawa ne ke shan maganin hawan jini, nawa ne kuma ba su ma san suna da shi ba. Shan taba na rage jinin da ke isa fata. Wani bincike na 1984 ya gano cewa haɗarin mutuwar fata bayan wannan tiyata ya ninka kusan sau 12 ga masu shan sigari, kuma nikotin ɗin da ke cikin shisha shi ne dai na cikin sigarin. Akwai kuma raunin jijiya. Wadda aka fi taɓawa ita ce mai kai ji ga kunne. Taɓa mai motsa fuska bai cika faruwa ba, kuma yawanci yana warkewa, amma idan ya zauna, mutum zai rayu da karkataccen murmushi ko gira guda da ba ta ɗagawa. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Sai batun fatarmu. Baƙar fata na da kariya daga rana fiye da fara, shi ya sa tamoji ke jinkirin bayyana mana. Tsufanmu ya fi fitowa ta zubowar kumatu, nauyin wuya da rashin daidaiton launi. Amma ita wannan fatar ta fi saurin yin tabo mai tsiro, wanda ke kumbura ya wuce iyakar raunin, kuma kunne da gefen muƙamuƙi na cikin wuraren da ya fi so, wato daidai inda wuƙar za ta bi. Mu da muka gaji hujin kunne da tsagar wanzami ba ma rasa shaida a jikinmu. Wanda hujin kunnensa ko wani tsohon rauni ya taɓa yin tsiro, ko aka san haka a danginsa, jikinsa ya riga ya ba shi amsa. Haka wadda ta shekara tana shafa man bilicin: da yawa daga cikinsu na ɗauke da sinadaran da ke sirantar da fata su hana rauni warkewa da wuri. Likitan da bai saba aiki a kan baƙar fata ba zai iya mantawa ya tambaya, ita kuma kunya za ta hana ta faɗa.

Haɗarin ɓoyewa

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi tsoro, wato sirri. A wurinmu ba wanda zai fito ya ce zai je a ɗage masa fuska. Za a ce an tafi duba lafiya, ko hutu, ko sarin kaya. Ɗankwali da mayafi na rufe tabo tsaf, don haka ɓoyewar ba ta da wuya. Amma wanda ya ɓoye ba ya tambayar likitansa na gida ko jikinsa zai ɗauka. Ba ya tafiya da ɗan rakiyar da zai lura idan kunci ɗaya ya fara kumbura da tsakar dare a ɗakin otal. Yana hawa jirgi da wuri don kada a ga daɗewarsa, alhali doguwar tafiya bayan tiyata na ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa. Idan ɗinki ya ruɓe bayan ya dawo, zai yi ta jinkirin zuwa asibiti, wanda ya yi aikin kuma yana wata nahiya, sai dai saƙon WhatsApp.

'Yan Najeriya ba sa bukatar a ba su misali daga nesa. A watan Oktoban 2005 uwargidan shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, ta rasu a ƙasar Sifen bayan tiyatar zuƙe kitse, tana daf da cika shekara 60. A 2009 wata kotu a can ta sami likitan da laifin sakaci. Aikin da aka yi mata daban ne da wanda muke magana a kai, amma darasin ɗaya ne: kuɗi da matsayi da asibitin Turai ba su isa kariya ba idan aka yi sake da sa'o'in da ke biyo bayan tiyata.

Ga mai karatu Musulmi akwai kuma tambayar halasci, kuma ba daidai ba ne a yi kamar babu ita. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tattauna tiyatar kwalliya a zamanta na 2007 a Malesiya. Ta halatta gyaran nakasa, ƙuna, rauni da abin da cuta ta ɓata, amma ta ce ba ya halatta a kawar da tamoji ta tiyata ko allura sai idan lamarin ya zama na rashin lafiya kuma an aminta daga cutarwa. Wanda fuskarsa ta shanye gefe guda bayan ciwo, ko fatar ido ta rufe masa gani, matsayinsa daban ne da wanda shekaru kawai suka cim masa. Kowa ya san a wane ɓangare yake, in kuma ya rikice, malamai na nan.

Za a iya ce mini, ai fuskar mutum tasa ce, kuma duniya ba ta yi wa tsofaffi adalci, musamman mata. Gaskiya ne. Matar da ke aikin banki ko gidan talabijin ta san yadda ake kallonta idan ta haura 50, ta gida kuma ta san abin da zancen ƙarin aure ke yi wa zuciya. Ba zan yi wa kowa dariya don ya so abin da yatsunsa suka nuna masa a madubi ba. Abin da nake cewa shi ne tiyata na gyara kunci, amma ba a taɓa jin ta riƙe miji ko ta hana ritaya ba. Likitocin kirki kan ƙi yi wa mutumin da ya zo da irin wannan fata, domin sun san ko aikin ya yi kyau ba zai gamsu ba. Mu kuma al'umma ce da har yanzu furfura ke sa a tashi a ba mutum kujera, ana kiran mace Hajiya Babba da girmamawa. Kafin mu sayi tsoron tsufa daga waɗanda suka daɗe suna fama da shi, ya kamata mu san darajar abin da za mu bayar.

Wanda duk da haka ya yanke shawarar yi, to ya yi da ido buɗe. Ya tabbatar likitan ƙwararre ne a tiyatar gyaran jiki ko ta fuska, domin a ƙasashe da dama, har da Amurka da Ingila, doka ba ta hana likitan da ba wannan ne fanninsa ba ya kira kansa likitan kwalliya. A Najeriya ana iya bincikar rajistarsa a hukumar MDCN, a kuma tambayi shaidar ƙwarewarsa daga kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma ko ta ƙasa. Ya nemi ganin hotunan masu irin launin fatarsa bayan shekara guda da aiki, har da bayan kunne. Ya tambayi wa zai ba da maganin barci, wa zai kwana da shi a daren farko, kuma ina za a kai shi idan abu ya ɓaci. Ya daidaita hawan jininsa, ya bar taba makonni kafin ranar, ya faɗi duk abin da yake sha ko shafawa, har da asfirin da na gargajiya. Ya ware kwanakin zama a garin har a cire zare, araha kuma ba ta ado.

Sannan ya gaya wa mutum guda a gida gaskiyar inda za shi da abin da za a yi masa. Idan ya ga ba zai iya faɗa wa ko mutum ɗaya ba, to ya ɗage tafiyar tukuna, ya koma gaban madubin ya sake tunani.